Yadda Ake Auna Haɗari Kafin Sayen Takardun Lamuni ko Ba da Rance

Duk wanda ya sayi takardar lamuni, ta gwamnati ce ko ta kamfani, bashi ya bayar, don haka tambayoyin da zai yi wa kansa su ne waɗanda mai ba da rance yake yi kafin ya kwance bakin jaka.

Matakin farko shi ne sanin wanda zai ci bashin da kuma inda zai samo abin biya. A Najeriya, Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, shi ne yake fitar da takardun Gwamnatin Tarayya, ciki har da takardar tanadi da aka fara a shekarar 2017, wadda ake iya shiga da naira 5,000, da kuma Sukuk ga waɗanda suke guje wa kuɗin ruwa, wanda na farkonsa na naira biliyan 100 aka zuba shi a aikin hanyoyi. Bashin gwamnati ya fi na kamfani aminci, amma kada a ɗauka cewa gwamnati ba ta gazawa. A watan Disamba na 2022 gwamnatin Ghana ta nemi masu riƙe da takardunta su musanya su da sababbi masu dogon wa'adi da ƙarancin riba, har ta kai tsofaffin 'yan fansho suka riƙa yin cincirindo a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi da ke Accra.

Daga nan sai a ɗauki alƙalami a gwada ribar da hauhawar farashi, kuma nan ne mafi yawan mutane suke tafka asara ba tare da sun ankara ba, domin kuɗinsu yana dawowa cif-cif a lissafi. A ce mutum ya zuba naira miliyan ɗaya a kan riba ta kashi 18 cikin ɗari, a ƙarshen shekara yana da miliyan ɗaya da dubu 180. To amma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana kayan da miliyan ɗaya ta saya a ƙarshen 2023 sai an biya kusan miliyan ɗaya da dubu 350 a ƙarshen 2024. Idan ya shiga kasuwar Dawanau da kuɗin nan, buhunan masarar da zai loda ba za su kai na bara ba, alhali a takarda riba ya ci.

Abu na uku shi ne wa'adi. Kuɗin da ake sa ran taɓawa don hidimar aure ko kuɗin makaranta bai kamata a ɗaure shi shekara bakwai ba, saboda mai sayar da takarda kafin lokacinta yana sayarwa ne a farashin kasuwa. Idan tasa tana biyan kashi 12, gwamnati kuma ta fitar da sabuwa mai biyan kashi 18, babu mai karɓar tasa sai ya karyar da ita.

Sannan a tabbata dillalin da za a sayi takardar ta hannunsa yana da rajista da Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, a kuma riƙa tuna yadda MMM, wata harkar zuba jari ta damfara, ta rufe da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016 duk lokacin da wani ya yi alkawarin ninka jari cikin wata guda.

Rance tsakanin 'yan uwa da abokan kasuwa ya fi wannan duka wuyar sha'ani, domin kunya takan hana a yi abin da ya dace. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma a ganina wannan ya isa hujjar da mutum zai kawo wa ɗan uwansa ba tare da an zarge shi da rashin yarda ba. A rubuta adadin kuɗin da ranar biya, a bayyana ko biyan a dunƙule ne ko kashi-kashi, mutum biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Idan kuɗin yana da yawa a nemi jingina ko wanda zai tsaya masa, kuma idan jinginar fili ce a je a ga filin da ido, a tambayi mai unguwa ko an taɓa jinginar da shi ga wani kafin a miƙa ko sisi.