Yadda Na Gyara Ruwan Wankin Garken Aladu

Ruwan da muke wanke garken aladu da shi a gonarmu kusa da Kafanchan a da yana wari, kuma yana ƙona kayan lambu saboda ƙarfin fitsari. Yanzu ana kwashe kashin da shebur kafin a zuba ruwa, kuma wannan kaɗai ya rage dattin sosai. Na haƙa ramuka uku a jere da ruwan zai riƙa bi ta cikinsu, na shafe su da siminti, fiye da mita 30 daga rijiya. A na farko laka ke kwantawa, na biyu a rufe yake domin ruɓewa, na uku kuwa na zuba masa kainuwa. Ina sirka ruwan da na rijiya in shayar da masara da ayaba ta gindi. Latas ban yarda a shayar da shi da ruwan ba, domin ɗanye ake cin sa, kuma ƙwayayen tsutsar ciki suna daɗewa a raye.