Kurakuran hurumin kotu idan ciniki da ƙasar waje ya lalace

Ɗan kasuwar Idumota ko Alaba a Legas da ya tura kuɗi Gwanzu ta ƙasar Sin, kaya suka zo ba yadda aka yi ba, yakan garzaya wurin lauya ya ce a shigar da ƙara. Kuskuren farko ke nan. Kafin a je kotu, a bincika ina dukiyar abokin cinikin take. In ba shi da asusu, kaya ko wakili a Najeriya, ko ka yi nasara a Legas sai ka koma ƙasarsa ka roƙi kotunsu ta amince da hukuncin, kuma tana iya ƙi.

Maganin wannan tun ranar ƙulla ciniki ake yinsa. A rubuta cewa in saɓani ya taso za a je gaban masu sasanci, wato waɗanda ɓangarorin biyu suka yarda su yanke musu hukunci a wajen kotu, a ambaci gari da harshe da dokar da za a bi. Najeriya da Sin da Hadaddiyar Daular Larabawa da Benin duk suna cikin Yarjejeniyar New York ta 1958 kan amincewa da hukuncin sasanci na wata ƙasa, don haka hukuncin sasanci ya fi na kotu saurin tsallaka iyaka. Cinikin WhatsApp da hoton rasit ba ya hana ƙara, amma yana barin batun hurumi a buɗe.

Sai ƙananan rubutun da ke bayan takardar cinikin, wanda kusan ba wanda ke karantawa. Nan ake cusa cewa kotun Landan ko Dubai kaɗai za ta saurari rikici. Kotunanmu sukan riƙe mutum da abin da ya sa wa hannu, sai da dalili mai ƙarfi. A shari'ar Sonnar ta 1987, Kotun Ƙoli ta bari a yi shari'ar a Najeriya duk da an rubuta kotun Jamus a takardar, saboda wa'adin ƙara ya riga ya wuce a can. Kada ka jingina da wannan, ba kullum ake dacewa ba.

Ko a cikin Legas ana ɓata hanya. Jin cewa akwai baƙo a cikin maganar ba ya mai da ita ta Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi. Bashi da saɓa alkawarin saye da sayarwa na Babbar Kotun Jiha ne. Kayan da suka lalace a jirgin ruwa ko rikici da kwastan a tashar jiragen ruwa ta Apapa, wannan na ta tarayya ne, bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulki. Kotun da ba ta da hurumi, duk abin da ta yi ya rushe, ko an kai shekara goma ana yi.

Sammacin da za a kai wa wanda ke waje sai da izinin kotu tukuna. Kotun ECOWAS kuwa galibi ba ta shiga rikicin ciniki tsakanin 'yan kasuwa biyu, ko da ɗayan yana Kwatano.

A lura da lokaci: wa'adin shigar da ƙarar kwantiragi a Legas shekara 6 ne, na kayan jirgin ruwa kuma shekara 1 ko 2, gwargwadon ƙa'idar da ta shafi takardar lodin.