Yadda ake ɗinka hula da ƙirgen gida-gida

Yawancin hulunan hannu da ake sayarwa a unguwannin Alabar da Aboabo na birnin Kumasi a Ghana, zane ake fara yi musu a jikin yadi, sannan mai ɗinki ya bi layin da allura. Wannan hanya tana son hannun da ya iya zane. Akwai wata hanyar kuma da ba ta buƙatar haka, wato ɗinkin ƙirge: yadin da kansa a rarrabe yake gida-gida, kowane gida ɗinki ɗaya ne mai siffar gicciye, adon kuma a takarda yake, ke dai ƙirgawa kike kina cikewa. Wadda ta yi lissafinta daidai kafin ta sa almakashi, hularta za ta zauna a kai, adon kuma ya haɗu a baya ba tare da an ga mahaɗa ba.

Yadin da ake wannan aiki da shi sunansa Aida, auduga ce mai ɗan tauri da ƙananan huji a jere. Ana bambanta shi da lamba, kuma lambar tana nufin yawan gidajen da ke cikin inci ɗaya. Lamba 14 ce ta dace da hula: gida 14 a inci, wato kusan gida biyar da rabi a santimita. Lamba 11 gidajenta sun yi girma, adon zai fito da kaushi. Lamba 18 kuwa tana fitar da ado sumul amma tana cin ido da lokaci. Ki nema wurin masu sayar da kayan teloli a Kejetia ko Adum, kuma ki tafi da tef ɗin awo ki ƙirga gidajen inci ɗaya da kanki kafin a yanka. In hannunki bai saba ba, ki fara gwaji a ƙyallen yadi mai gida-gida irin na rigar makaranta, kowane gida ki ɗauke shi ɗinki ɗaya.

Allura ta zama mai dakusasshen baki da faffaɗan ido, lamba 24. Mai tsini tana tsaga zaren yadin ta kuma soke ɗinkin da kika riga kika yi, sai aikin ya yi gashi-gashi. Zare kuma na auduga mai sili shida, irin na DMC ko Anchor, wanda ɗauri ɗaya yake da tsawon mita 8. Sili biyu ake aiki da shi a kan lamba 14. Zaren siliki na kan kwarkwaro da masu surfanin inji ke amfani da shi yana da sheƙi, amma santsinsa ya yi yawa ga mai koyo, ɗinkin yakan saki.

Yanzu ga lissafin, wanda shi ne gindin aikin. Ki zagaya tef a kan mai hular, daidai inda yake son bakinta ya zauna. A ce an samu santimita 57. Ki ƙara ɗaya da rabi, domin kaurin zare da shafi suna cinye wuri daga ciki, kuma cikakken ɗinki yana ɗan tsuke yadi. Ya zama 58.5 ke nan. Ki ninka da 5.5, za ki samu kusan gida 322 a zagaye. Tsayin jikin hula in santimita 9 ne, gida 50 ke nan.

Wannan 322 ita za ta faɗa miki faɗin adon da za ki zana, tunda dole adon ya maimaitu ya ƙare cif. 322 tana rabuwa gida 23 sau 14, ko gida 46 sau 7. In kika zana ado mai faɗin gida 25, za ki maimaita shi sau 12 ki kai 300, ragowar 22 ba za su ɗauki cikakken ado ba, sai a ga guntu a ƙeya. Idan lambar da kika samu ba ta rabuwa da daɗi, ki ƙara ko ki rage gida biyu zuwa uku har ta rabu. Wannan kusan rabin santimita ne kawai, kai ba zai ji ba. Saman hula kuwa da'ira ce: raba 58.5 da 3.14, faɗinta ya zama kusan santimita 18.6, wato gida 102 daga gefe zuwa gefe.

Zanen a takardar giraf ake yi, ko littafin lissafi mai gida-gida, da fensir mai launi. Maimaici ɗaya kawai za ki zana na jiki, na sama kuma kwata ɗaya ya isa, gida 51 a 51, sauran ukun juyinsa ne. Adon da ke da miƙaƙƙun layuka da kusurwa shi ya fi zama a gida-gida. Shi ya sa zanen kente, saƙaƙƙen yadin nan na garin Bonwire, masu matakala da masu zigizag, suke shiga gida 23 ba wahala. Dagi yana son wuri, domin sai an ga inda layi ya hau da inda ya shige ƙarƙashi, don haka ki ba shi gida 46, kowane layi kaurin gida uku ko huɗu, ki bar gida ɗaya na launin ƙasa, wato launin da ke cike filin da babu ado, a gefen duk inda suka gitta. Alamomin gargajiya na adinkra da ake bugawa a jikin yadi a garin Ntonso da yawansu masu lanƙwasa ne, in aka matse su a ƙaramin wuri sai siffarsu ta ɓace. Kuma kada a rubuta aya ko sunan Allah a hula, tunda da ita ake shiga ko'ina. Launi uku ko huɗu sun wadatar.

Jikin hular gida 16,100 ne, saman kuma ya ɗan haura 8,000. Ɗauri ɗaya na zare, da sili biyu, yakan cike kimanin gida 1,800 in an cire abin da ke tafiya a baya da wutsiyoyi, saboda haka aikin duka zai ci ɗauri 14 zuwa 15. Ki sayi launin ƙasa gaba ɗaya a rana ɗaya, har da rarar ɗauri guda, domin rinin da aka yi daban-daban yakan ɗan saɓa ko da lambar launin ɗaya ce, kuma a rana bambancin yake fitowa. Ki ajiye takardar lambar. A DMC misali 310 baƙi ne, 321 ja. Kafin ki fara, ki jiƙa ɗan guntun ja da baƙi da shuɗi, ki matse su a cikin farin ƙyalle. Wanda ya bar tabo zai zuba a wanki, sai ki canza shi ko ki yi ta ɗauraye shi a ruwan sanyi har ruwan ya fita garau.

Ki yanka yadi da rarar santimita 5 ta kowane gefe: na jiki 69 a 19, na sama 29 a 29. A bi bakin da zigizag a keke don kada ya warware. Daga nan ki ɗauki zaren keke mai launi dabam ki yi dogon ɗinki kowane gida goma, tsaye da kwance, ki ja irin waɗannan layuka a takardar ma. Wannan rabin yini ne da mutane ke ƙyashin kashewa, alhali shi ke sa a gano kuskuren ƙirge cikin gida goma maimakon bayan an yi nisa.

Ba a ƙulli a wannan ɗinki, domin ƙulli yana tasowa ya yi tudu, yana kuma iya zamewa ta huji. Ki yanki sili ɗaya mai tsawon santimita 90, ki ninka biyu, ki zura bakunan biyu a idon allura. Ki fito daga baya ba tare da kin janye zaren duka ba, ki yi ƙafar farko, wato layi ɗaya cikin biyun da ke yin gicciye, sannan a baya ki shigar da allurar cikin madaukin da ninkin zaren ya bari, ki ja. In zare ya kusa ƙarewa, ki cusa shi ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar a baya ki yanke. Zaren da ya fi wannan tsawo yana gogewa a huji, kafin ya ƙare ya sirance ya rasa sheƙi.

A jeri mai launi ɗaya, ki tafi daga hagu zuwa dama kina yin ƙafa ɗaya ta kowane gicciye, ki dawo kina rufewa da ta biyu. Ƙafar sama ta kalli gefe ɗaya a hular duka, in ba haka ba haske zai faɗa daban-daban a ga kamar launi biyu ne. Kada ki ja da ƙarfi: in huji ya buɗe ko yadi ya tattare, hannu ya yi nauyi, kuma hular za ta fito ƙarama. Bayan kowane ɗinki goma sha, ki saki allurar ta yi reto don murɗin zaren ya warware. Tsallake daga wuri zuwa wuri ta baya kada ya wuce gida huɗu, musamman baƙin zare a ƙarƙashin fari.

Yanayin Kumasi yana da nasa sharaɗi. Da damina laima tana sa allura tsatsa cikin 'yan kwanaki, in kuma aka bar ta soke a yadi, tabon tsatsar ba ya fita da sauƙi. Ki riƙa zare ta ki sa a kwalba mai murfi. Da hunturu ƙura ce, sai a naɗe aikin a cikin rigar matashi mai tsabta. A wanke hannu kafin a taɓa, musamman bayan girki da manja ko shafa man kaɗe.

Hannu matsakaici yana yin kusan gicciye 150 a awa, wato aikin duka ya kai awa 160. Awa biyu a rana, kusan wata uku ke nan: hular Ƙaramar Sallah tun farkon Rajab ake ɗaukarta. Mai gaggawa ta sayi Aida mai launi ta ɗinka adon kawai ta bar ƙasan haka.

In an gama, a zare zaren alama, a wanke a ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ban da bilic, ban da murzawa ko matsewa. A naɗe a tawul ya tsotse ruwan, a kife fuskar a kan busasshen tawul a goge ta baya. Ki sake aunawa kafin haɗi. Ki haɗa bakunan jiki biyu fuska da fuska, kina bin huji ɗaya da ɗinkin baya, gida na ƙarshe ya jingina da na farko. Ki raba jiki da sama kashi huɗu-huɗu da alama, ki haɗa alamomin da fil, ki ɗinke daga ciki, sannan ki rage rarar zuwa santimita ɗaya ki ɗan tsattsaga ta a zagayen da'irar don kada ta tattare. Shafin farar auduga ake sawa, wanda aka riga aka wanke don ya gama tsukewa, a kalmashe bakinsa da hannu. Daga nan sai wurin masu wankin hula, a sa mata sitaci a ɗora ta a gungume, kuma ki faɗa musu awon kan, domin gungumen da ya fi hular girma yana buɗa ta har mahaɗar baya ta fara nunawa.