Yadda ake shirya wa shugabannin sassa bita a ma'aikatar gwamnati

Na daɗe a sashen horar da ma'aikata a Bauchi, kuma na ga yadda sabon jami'i ke yi idan aka danƙa masa shirya bita: fara neman otal, sai mai buga allon sanarwa, sai mai abinci. Sai ana saura kwana biyu ya tuna bai san wa zai zauna a ɗakin ba. Ba zan tsaya kan rubuta takardar neman amincewar babban sakatare ba, wanda ya kai ga wannan kujerar ya san ta.

Mataki na farko, ka gano ciwon. Kada ka tambayi daraktoci abin da ke damun sassansu, za su ce maka kuɗi ne. Ka gangara ɗakin ajiyar fayil ka zauna da akawu, ka duba fayil nawa ya kwana mako biyu a kan teburi ɗaya. Ka karɓi fom ɗin APER na bara, wato na tantance ƙwazon ma'aikaci, ka gani in akwai shugaban da ya taɓa bai wa wani ƙasa da "ya yi ƙoƙari ƙwarai". Idan kowa a sashen gwani ne a takarda amma aiki na kwance, ka samu darasinka na farko.

Na biyu shi ne zaɓen mahalarta, kuma a nan na taɓa kwana ciki. Wata shekara na aika wa sassa takarda cewa kowanne ya turo mutum biyu. Da jerin sunayen ya dawo, ga wanda saura wata huɗu ya cika shekara 35 a bakin aiki ya yi ritaya, ga wata da ba ta da ko mutum ɗaya a ƙarƙashinta, ga wani da aka sa domin matarsa ta haihu yana bukatar alawus. Ranar farko ɗaki ya cika maƙil. Da aka raba ambulan ɗin alawus bayan azahar, washegari kujeru ne suka saurari malami. Laifina ne, don ni na bar ƙofar a buɗe.

Tun daga ranar, ni nake rubuta sharuɗɗan a cikin takardar: dole mutum ya kasance yana da aƙalla ma'aikata uku da ke amsa masa, kuma da sauran shekara biyar ko fiye a aikinsa. Na fi son 'yan matakin albashi na 10 zuwa na 14. A ƙa'idar aikin gwamnati, daga mataki na 07 zuwa na 14 bayan shekara uku ne ake duba ƙarin girma, don haka mutum kan tashi daga na 10 ya tsallaka zuwa na 12 ya wayi gari shugaban sashe, ba tare da an taɓa koya masa yadda ake riƙe mutane ba. Shekaru ne suka kai shi. Su ne masu bukatar bitar, ba manyan da suka riga suka ga ɗakin taro iri-iri ba. Kada ka haɗa darakta da ƙananansa a aji guda. Bakin kowa zai mutu, sai "haka ne, ranka ya daɗe". Kuma idan waya ta zo daga sama a ce a saka wane, kada ka yi musu. Ka ce, "Yallaɓai, an rufe wannan zagaye, amma sunansa ne na farko a na gaba." Yawanci ba a sake kira. Alawus kuwa ranar ƙarshe ake biya, bayan an duba rajistar safe da ta yamma. Mutum 25 sun isa, in sun haura haka ya zama wa'azi.

Na uku, wuri da malamai. Kowa na sha'awar a tura shi ASCON da ke Topo a Badagry, kwalejin da aka kafa a 1973 domin horar da ma'aikatan gwamnati, kuma kwasa-kwasanta na da kyau. Sai dai kuɗin kai mutum biyar Legas da masaukinsu zai iya horar da ajin nan gaba ɗaya a gida. NIPSS, cibiyar nazarin manufofi da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, ta manya ce masu tsara manufofi, ba ta shugaban sashen albashi ba. Ni dai nakan ɗauko tsohon babban sakatare guda mai iya magana, in haɗa shi da malami daga jami'ar ATBU ko kwalejin Tatari Ali. Amma kada ka yi bitar a cikin sakatariya: kowane minti goma masinja zai leƙo ya ce oga na kira. Yankari ma na gwada, da la'asar rabin ajin na ruwan Wikki.

Na huɗu, abin da za a koyar. Rage majigi. Ka sa su yi wasan kwaikwayo da abin da ke faruwa a ofis. Wanda ya fi yi mini aiki shi ne wannan: shugabar sashe 'yar shekara talatin da 'yan kai, da direba sa'an mahaifinta da ke zuwa ƙarfe goma. Na ga wata ta miƙe za ta gwada, ta ce "Baba, ina kwana," sai ta kasa ci gaba, aji ya fashe da dariya. A karo na uku ta iya: ta ja shi gefe, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce, "Baba, sau huɗu ke nan mota na jiranka a makon nan. Akwai abin da ke faruwa a gida ne?" Sannan ta faɗa masa ƙarfe takwas take so, kuma in ya sake za ta rubuta. Haka za a gwada rubuta takardar neman bahasi, da raba aiki ba tare da shugaba ya rungume komai ba, da cike APER a gaban mai shi.

Kwana uku sun wadatar. Ka tsara lokaci da sallah a ciki, kada ka sa Juma'a, kuma ka biya kuɗin man janareta tun kafin a fara. Bikin buɗewa kada ya wuce rabin awa, ko da kwamishina bai iso ba.

Kafin a watse kowa ya rubuta abu ɗaya da zai gyara a sashensa, ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Satifiket sai bayan wata uku, idan ka zagaya ofis-ofis da takardun nan a hannu ka ga abin da aka yi. Za su yi maka ƙorafi a kai, musamman masu shirin zuwa jarrabawar ƙarin girma.