Yadda ake lissafin ƙarfin maganaɗisun lantarki

Maganaɗisun lantarki waya ce da aka naɗe, wadda ke zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa ta. Da farko a ƙirga zagayen da wayar ta yi, a auna tsawon naɗin da mita, sannan a auna wutar da ke ratsa wayar da amfiya (ma'aunin yawan wutar lantarkin da ke gudana). A ninka yawan zagaye da amfiya, a raba da tsawon. Idan zagaye 500 ne a kan mita 0.1, wutar kuma amfiya 2, za a sami amfiya 10,000 a kowace mita. A ninka wannan da 4π × 10⁻⁷ (lamba ce da ba ta canzawa, π kuma wajen 3.14 ne), sai ya ba da kusan tesla 0.0126 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) a tsakiyar naɗin, muddin dogo ne siriri kuma iska ce kawai a cikinsa. Sandar ƙarfe tana ƙara ƙarfin ninkin-ba-ninkin, amma idan ya kai wajen tesla 2 ƙarfen ya ƙoshi, ƙarin wuta kuma kusan asara ce.