Kurakuran da aka fi yi wajen tsara sabis ɗin 5G a layin jirgin ƙasa na cikin birni

Kuskuren farko tun wajen awo yake farawa. Injiniya ya tsaya a tasha da rana tsaka, babu cunkoso, ya ga siginal ya cika, ya rubuta cewa komai lafiya. Amma fasinja a cikin tarago yake, kuma gilashin tagogin jiragen zamani yana da siririn rufin ƙarfe na tare zafi wanda kan cinye desibel 20 zuwa 30 na siginal. A yi awon a cikin tarago, jirgi na gudu, lokacin da ma'aikata suka cika shi maƙil. Idan sabis bai shiga ba, ko dai a ɗora eriya a rufin jirgi ta rarraba shi ciki, ko a tsattsaga rufin gilashin da leza kamar yadda Deutsche Bahn ke yi a Jamus.

Mafi haɗari shi ne ɗora na'urar sarrafa tafiyar jirgi, CBTC, a kan zangon rediyo da kowa ke amfani da shi kyauta. A Nuwamba 2012 jirage sun yi ta tsayawa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin saboda ƙananan na'urorin Wi-Fi da fasinjoji ke ɗauke da su sun cunkushe zangon 2.4 GHz. Da zarar jirgi ya daina jin cibiyar da ke sarrafa shi, birki yake takawa da kansa, haka aka gina shi. Daga baya layukan Sin da dama suka koma LTE, wato fasahar 4G, a zangon 1785 zuwa 1805 MHz. Turai ma ta keɓe 1900 zuwa 1910 MHz da wani yanki na 900 MHz domin FRMCS, sabon tsarin sadarwar jiragen ƙasa da zai gaji tsohon, GSM-R. Kamfanin waya zai ce zai yanka maka kasonka daga 5G ɗinsa na jama'a. Wannan ya isa ga tikiti da allon sanarwa. Ga birki kuwa, sai an gwada shi tasha cike da mutane, an kuma rubuta iyakar jinkirin saƙo a cikin kwangila.

A cikin rami, kebul mai huji-huji ake shimfiɗawa a bango yana fesa siginal. Nan ma ana tafka asara: mai kaurin inci 1-5/8 da aka saba sawa domin 4G ba ya wuce kusan 2.7 GHz, don haka ba zai ɗauki 3.5 GHz na 5G ba. Mai inci 1-1/4 yana ɗauka, sai dai siginal na saurin raunana a cikinsa, dole a matso da na'urorin rediyo kusa da juna. A yanke wannan shawara kafin a sayi ko mita ɗaya, domin aikin rami sai dare, kuma sa'o'i kaɗan ake samu tsakanin jirgin ƙarshe da na asuba. Abin da ya sa aikin kai sabis cikin ramukan jirgin Landan, wanda TfL, hukumar sufurin birnin, ta ba da kwangilarsa ta shekara 20 a 2021, ya tafi kashi-kashi ke nan.

Ana kuma manta cewa jirgi tura bayanai yake yi fiye da sauke su. Tarago 6, kowanne da kyamara 4, kowace tana tura 3 Mbps, ya kama 72 Mbps, alhali saitin 5G na kasuwa ya fi ba saukewa lokaci. A lissafa wannan tun farko, ko a bar bidiyon da ba na gaggawa ba sai jirgi ya shiga depo a kwashe.

Sai miƙa jirgi daga eriya zuwa eriya. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a daƙiƙa, saboda haka sai siginal ɗin eriyoyin biyu ya haɗu na tsawon da zai isa a gwada miƙawar sau biyu, kuma kada mahaɗar ta faɗo a bakin rami. Kebul ɗin fayiba kuma ya bi hanya biyu daban. A layi irin na Abuja ko Legas, batir da sanyaya akwatin na'ura su shiga kasafin farko, tacen ƙura kuma a riƙa duba shi duk lokacin hunturu.