"A haɗa min na gajiya": kurakuran da muke yi da maganin ciwo

Ka tsaya a kemis ɗin unguwa bayan magariba, ko minti goma. Za ka ga lebura ko ɗan acaɓa ya miƙa kuɗi ya ce, "Malam, a haɗa min na gajiya." Sai a ƙunsa masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, fara da ja da ruwan ɗorawa, ya watsa a baki ya kora da ruwan leda. Ko sunan guda bai tambaya ba.

Idan ka kwance ƙunshin nan, sau da yawa diclofenac za ka tarar tare da ibuprofen ko piroxicam. Sunaye ne suka bambanta, amma 'yan gida ɗaya ne, har da asfirin. Aikinsu shi ne hana jiki samar da wani sinadari da ake kira prostaglandin, wanda ke tayar da raɗaɗi da kumburi. Inda gizo ke saƙa, wannan sinadarin ne kuma yake kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narka abinci, yake kuma taimaka wa jini ya isa ƙoda. Don haka shan biyu a lokaci guda ba wani ƙarin sauƙin kirki yake kawowa ba, sai dai ƙarin haɗarin olsa, zubar jini a ciki da lalacewar ƙoda. In kuma an cusa dexamethasone ko prednisolone a cikin haɗin, cikin ne zai ƙara ji a jikinsa.

Gyaran ba shi da wuya: a sha guda ɗaya tak, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da dattijo, su tambayi likita tukuna. Mai juna biyu ta guje su, musamman daga mako 20. Wanda ya wuni da azumi a zafin Afrilu, jiki ya bushe, kada ya buɗe baki da diclofenac; ya sha ruwa, ya ci abinci. Duk wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi wuluk kamar kwalta, ya ajiye maganin ya nufi asibiti, alama ce ta jini.

Farasitamol kuwa raini ne yake jawo masa. Babban mutum ba zai wuce ƙwaya 8 masu nauyin miligiram 500 a cikin awa 24 ba, wato giram 4, kuma tsakanin sha da sha a bar aƙalla awa 4. Ba kasafai mutum ke zama ya haɗiye goma a tashi ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne ya sha Panadol don ciwon kai, ya ƙara da maganin mura, da dare ya ɗora Ibucap, bai san farasitamol yake ta maimaitawa ba. Hanta ce ke ɗaukar nauyin, kuma ba ta kuka da wuri: mutum zai iya yin kwana ɗaya ko biyu garau kafin idanu su yi ɗorawa. Akwai makari a asibiti, amma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Juya kwalin ka karanta abin da ke ciki, ko ka ce wa mai kemis, "Wannan akwai farasitamol a ciki?"

Yara da nauyinsu ake auna musu, da ɗan kofin da ya zo a kwalin, ba da cokalin shayi ba. Kada a ba wa ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin, saboda cutar Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Garin Alabukun ma asfirin ne da sinadarin caffeine, irin wanda ke cikin goro.

Sai tramol. Dangin kodin ne, a ƙwaƙwalwa yake aiki, kuma ba ya ƙara wa kowa ƙarfi. Gajiyar yake ɓoyewa. Iyakarsa miligiram 400 a rana, bisa umarnin likita, ga shi kuma ana yawo da mai 225 a tasha. Yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi. Rahoton bincike na 2018 kan shan ƙwayoyi a Najeriya ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, a shekarar ne kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Wanda jikinsa ya saba, kada ya yanke dare ɗaya. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Akwai kuma masu cewa "Ni dai a yi min allura, ƙwaya ba ta min." Diclofenac na allura ta jini yake bi, ya iske ciki da ƙoda kamar na haɗiya, ga kuma yiwuwar ƙurji a wurin da aka soka.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ciwon kan kullum. Idan kana shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa zai iya zama shi ke dawo da ciwon. Ka riƙa rubuta ranakun da ka sha a takarda har wata guda, ka kai wa likita, a auna jininka, a duba idanunka.